Babi na Bakwai: Shagon da Ba Ya Buɗuwa Sai da Kai

Duk mai son ganin yadda mai sana'a ke cin ƙarfinsa da hannunsa, ya leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi. Shadda da yadi an jibge su har sun tasam ma silin, kowane ƙulli da 'yar takarda ɗauke da sunan mai shi. Janareta yana ruri a bakin ƙofa tun bayan tarawihi. Yara biyu suna guga, na ukun barci ya sace shi a kan tarin ƙyallaye. Shi kuwa maigidan, an kwana biyu rabonsa da gadonsa. A nan yake sahur, a nan yake shan ruwa. Waya tana ta kuka yana kallonta ba ya ɗagawa, domin ya san abin da zai ji: "Haba Malam, ka ce mini Talata, yau ga shi Juma'a."

Ba rashin sanin lissafi ne ya kai shi nan ba. Ya san sarai cewa shi da yaransa, a ce, kala arba'in za su iya gamawa cikin natsuwa, amma ya karɓi saba'in. Abu biyu ne suka sa. Na farko tsoron bayan Sallah, lokacin da shago kan yi tsit har a rasa na cefane. Na biyu nauyin baki: wannan ƙanin surukinsa ne, wancan limamin unguwa ne ya aiko, wancan kuma tun yana yaron shago yake kawo masa ɗinki. Wa zai kalla ya ce masa ya rufe karɓa?

In da abin ya tsaya nan, da ba a yi masa babi guda ba. Manomi ma yakan sha irin wannan wuya lokacin girbi, ya yi barcin kwana uku ya wartsake. Gajiyar da ake tsoro ita ce wadda Sallah ta wuce, hawa ya wuce, an sha barci, amma tana nan daram. Mutum ya farka da asuba ya ji kamar bai kwanta ba. Ya doshi shagon da ya gina da guminsa ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi. Kwastoma ya yi sallama, maimakon murna sai ya ji haushi ya taso masa, bai san dalili ba.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York na Amurka, Herbert Freudenberger, yana cikin waɗanda suka fara bayyana wannan hali a rubuce, a 1974. Yana aikin sa-kai ne a wani ɗakin shan magani na kyauta, sai ya lura cewa waɗanda suka fi kowa zuwa da himma su ne bayan kamar shekara guda suke komawa kamar an zare musu laka. Daga baya Christina Maslach ta Jami'ar Kaliforniya ta tsara ma'aunin gane shi a 1981. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace shi a kundinta na rarrabe cututtuka. Ba ta kira shi cuta ba, ta ce yanayi ne da ke tasowa daga matsin aiki mai ɗorewa wanda ba a shawo kansa ba, kuma ta ba shi alamu uku: ƙarewar kuzari, nisantar zuciya daga aikin har mutum ya riƙa jin ƙyamarsa, da raguwar iya aikin kansa.

Ta biyun nan ce ya kamata ɗan kasuwa ya sa wa ido, domin ita ce ba a ganewa. Ƙarewar kuzari kowa ya san ta. Amma Alhajin da aka sani da fara'a, mai cewa yaro ya kawo wa baƙo ruwa kafin a fara ciniki, in ya koma yana daka wa mai taya kaya tsawa, sai a ce kuɗi sun canja shi, ko a ce an yi masa baki. Sau da yawa ba ko ɗaya. Zuciyarsa ce ta ja baya don ta kāre abin da ya rage mata. Ta ukun kuma takan fito ne a kurakurai: a yanka yadi ba daidai ba, a ba da canji fiye da ƙima, a tura kuɗi asusun da ba shi ba ne, a manta an yi wa mutum biyu alkawarin dila ɗaya.

Yawancin binciken farko an yi shi ne a kan masu albashi, irin ma'aikatan jinya da malaman makaranta. Su aƙalla suna da ranar hutu a rubuce, suna da wanda za su kai wa takardar likita. Mai kansa ba shi da kowa a sama da zai ce masa ya je gida. Ƙididdigar da hukumar SMEDAN ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i sama da miliyan 39 a Nijeriya, kuma mafi rinjayensu 'yan ƙanana ne ƙwarai, irin waɗanda mai su shi ne manaja, shi ne akawu, shi ne mai sayarwa, shi ne mai bin bashi.

Shekarun 2023 da 2024 kuma sun ƙara wa abin nauyi. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, mai tumatir da mai nama suka koma jiran shigowar alat kafin su saki kaya. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta zarce 1,500 a farkon 2024. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Abin da wannan ke nufi ga mai kanti a kasuwar Kwari ko ta Singa shi ne ya sayar da kaya yana ganin ya ci riba, ya koma sari ya tarar kuɗin ba za su sayi abin da ya sayar ba. Da can ɗan kasuwa yakan rufe shago ya rufe lissafi. Yanzu yana kwance yana tunanin nawa dala za ta wayi gari. Jiki yana kan katifa, kai yana kasuwa.

Sai waya ta ƙarasa. Manyan kasuwanninmu suna da ƙofa, ana rufe ta da yamma, ko kana so ko ba ka so ka tattara ka fita. Wannan doka an yi ta ne don tsaro, amma ta daɗe tana yi wa 'yan kasuwa wata rahama da ba su lura da ita ba: tana yanke musu yini. WhatsApp ba shi da ƙofa. Ƙarfe sha ɗaya na dare wani zai turo hoton leshi yana tambayar ko akwai ruwan toka, kuma in ba a amsa ba kafin safiya ya tafi wurin wani.

Ga mai cewa ai aiki ba ya kisa, akwai amsa a alƙaluma. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da nazarin da ya ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya sanadin doguwar sa'ar aiki. Wanda ke aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar jikinsa ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. To, mai buɗe shago ƙarfe takwas na safe ya rufe takwas na dare, kwana bakwai, awa 84 yake yi.

Abin da ya fi wannan ciwo a wurin ɗan kasuwa, ina jin, shi ne a nuna masa cewa ƙarin awoyin ba sa kawo abin da yake zato. Wani masanin tattalin arziki a Jami'ar Stanford, John Pencavel, ya koma kan bayanan ma'aikatan masana'antun harsashi na Birtaniya a Yaƙin Duniya na Farko, yawancinsu mata, waɗanda ake ƙirga abin da kowacce ta ƙera. A sakamakon da ya fitar a 2014, har zuwa wajen awa 49 a mako aiki yana ƙaruwa daidai da ƙarin lokaci. Daga nan sai ya fara ja da baya, har ta kai abin da aka samar a awa 70 bai wani bambanta da na awa 56 ba. Makon da aka hana su hutun Lahadi kuwa, aikin ya fi raguwa. Wato tsakanin awa 56 da 70, awa goma sha huɗu aka zubar, aka biya da lafiya, ba a ɗauki komai ba. Tela ya san wannan ko bai taɓa jin sunan Pencavel ba, domin shi ne ke farke da safe wuyan rigar da ya ɗinka ƙarfe uku na dare.

Amma ni a ganina yawan awoyi reshe ne. Tushen shi ne yadda aka gina sana'ar tun farko, aka sa komai nata ya bi ta jikin mutum ɗaya. Makulli yana aljihunsa. Farashi yana kansa, ba a rubuce ba. Wanda ake bi da wanda ke bi, shi kaɗai ya sani. Alat wayarsa yake shiga, don haka ko masallaci ya tafi sai kwastoma ya tsaya jiran ya dawo ya tabbatar kuɗi sun shigo. Yaron da ya shekara biyar a shagon ba shi da ikon rage naira ɗari biyu sai ya buga waya: "Maigida, an taya dubu goma sha takwas, in sallama?" Mai irin wannan shago ko da awa shida yake zama a rana ba zai huta ba, domin babu sa'ar da shagon ba ya neman sa. In ya kwanta rashin lafiya, ciniki ya kwanta tare da shi, kuma sanin hakan shi ke hana shi kwanciya har sai jiki ya kayar da shi da ƙarfi.

Abin mamaki, kakanninmu da suka yi fataucin da ya fi namu wuya nesa ba haka suka tsara shi ba. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, zuwa Salaga da ke arewacin Ghana ta yau, tafiyar watanni yake yi da jakuna. Madugu ne shugaba, amma bai ɗauki komai a kansa shi kaɗai ba. Akwai jagaba mai sanin hanya, akwai uban dawaki, akwai malami mai rubutu da addu'a. Tafiyar kanta an yanka ta zango-zango, inda ake sauke kaya dabbobi su yi kiwo mutane su miƙe ƙafa. Babu madugun da ke ganin tsallake zango jarumta ce, domin ya san jakin da aka ƙure ba zai kai kaya ba. In an isa, akwai fatoma da zai sauke baƙo, ya adana kaya, ya nemo dillali, ya tsaya a kan bashi. Wani masani ɗan Birtaniya, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta yadda cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ke tafiya a kan wannan tsari na maigida da yaransa da dillalansa, ana sakin shanu bashi ga mahauta bisa amanar da aka san wanda zai tsaya mata. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, bai tara gyaɗarsa da hannunsa ba. Wakilai ya riƙa ba wa kuɗi suna shiga ƙauyuka suna saye da sunansa.

Na san amsar da za a ba ni, domin ita ce a bakin kowane mai shago: "Yaran yanzu ba amana." Ban raina wannan magana ba. Akwai waɗanda aka yi wa ta'asa, yaron da suka riƙa kamar ɗa ya kwashe jari ya gudu, kuma wanda aka taɓa cuta haka ba ya sakin jiki da sauƙi. Sai dai a duba yadda yawancin irin wannan ɓarna ke faruwa. Shago ba littafi, ba a ƙirga kaya sai shekara-shekara lokacin fitar da zakka, yaro ba shi da tsayayyen albashi sai abin da maigida ya ga dama, kuma bai san ranar da za a sallame shi ba. A irin wannan wuri maigida ba shi da abin tsaron dukiyarsa sai idonsa, shi ya sa ba ya iya ɗauke shi ko na yini ɗaya.

Littafi shi ke 'yanta idon. Ba sai kwamfuta ba, littafin makaranta mai layi ya isa, muddin kullum ana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da sunan duk wanda aka ba bashi da rana. Farashi a rubuta shi, da ƙarshen abin da za a iya ragewa, yaro ya yi ciniki a tsakanin nan ba tare da ya kira kowa ba. A buɗe wa shago asusunsa daban da layinsa daban, wayar ta kwana a shago. A ware rana ɗaya a mako a ƙirga kaya tare da yaron, ba don ana zarginsa ba, don shi ma ya sami abin da zai wanke kansa da shi. Sannan a ba shi rabo a ciki, kamasho a kan abin da ya sayar, a kuma yanke masa wa'adi. 'Yan kasuwar Ibo da muke maƙwabtaka da su a Sabon Gari sun riƙe wannan da kyau: yaro ya san shekarun da zai yi, ya san a ƙarshe za a sallame shi da jari. Mu ma muna da al'adar, attajirai da yawa a Kano yaran wasu ne da aka sallama, amma mun bar ta a hannun "in Allah ya yarda wata rana", kuma yaron da bai ga ranarsa ba shi ne shaiɗan ya fi saurin raɗa wa.

Za a yi asara a hanya, wannan babu makawa. Yaro zai sayar da wani abu ƙasa da yadda maigida zai sayar, zai ba wanda bai kamata ba bashi. Sai a auna wannan da abin da ake rasawa in maigida ya yi wata guda a gadon asibiti shago yana garƙame.

Sai maganar kunya, wadda ita ce ke cin mai sana'a a ɓoye. Bashi hanji ne, in ji masu magana, kuma ba wanda zai yi kasuwanci a ƙasar nan ya ce ba zai bayar ba. Amma akwai bashin ciniki, akwai kuma wanda tun ana bayarwa an san kyauta ce aka sa mata wani suna. Ƙanwar uwa ta aiko a ba da turmi biyu za a kawo kuɗin bayan biki. Abokin ƙuruciya ya ɗauki buhun shinkafa sai ƙarshen wata. Mai shago ya bayar fuska a sake, ya koma gida yana juyi a kan gado, ba zai iya tambaya ba, ba zai iya mantawa ba. Irin wannan tunani da ba ya ƙarewa ya fi ɗaukar dila gajiyarwa. Hanyar da na ga ta fi zaman lafiya ita ce mutum ya yanka wa kansa albashi daga shagon, kamar yadda yake yanka wa yaransa, ya kuma ware wani abu sananne na zumunci da sadaka. Wanda ya zo, a ba shi daga nan, a ce masa an ba shi ne ba rance ba. In ya ƙare ya ƙare, a faɗa da girmamawa: "Wallahi Inna, kuɗin shago ba nawa ba ne ni kaɗai, na masu kaya ne. Ga wannan dai a rage hanya." Ba ƙarya aka yi ba, domin galibin kayan da ke kanti na masu sari ne da ake jiran a biya.

Adashi ma yana shiga nan. Abu ne mai albarka, da shi mutane da yawa suka fara. Amma akan shiga zubin da ya fi ƙarfin ciniki saboda kwaɗayin kwasa mai tsoka, ko don kada a ga an gaza a cikin tsara. Daga ranar mutum ya daina yi wa kansa aiki, uwar adashi yake yi wa, kuma ba zai iya rufe shago ko ranar da zazzaɓi ya kama shi ba.

Matan da ke sana'a a cikin gida kuwa, nasu ya ninka. Mai yin kek da samosa da cincin na biki, mai turaren wuta da humra, mai saka hotunan atamfa a waya, duk shagonsu shi ne ɗakinsu, babu wani ƙyaure da za a ja a ce an tashi. Ta gama odar mutum ɗari biyu ƙarfe biyu na dare, asuba ta tashi shirya yara makaranta, da rana girkin gida yana jiranta, ga mai kai saƙo yana waya ya ɓata hanya, ga wata tana rubuto, "Hajiya kin ga saƙona kuwa? Na ga kina kan layi." Kuma saboda a gida take, ba a ma ɗaukar abin a matsayin aiki. A nan ina ganin maigida yana da alhaki kai tsaye. In ana cin moriyar abin da take samu, ana biyan kuɗin makaranta da shi, to ranar da take da babbar oda ba ranar da za a gayyato baƙi cin tuwo ba ce, kuma ɗauko mai taya ta aiki ba almubazzaranci ba ne. Ita ma ta rubuta a fili lokacin da take amsa saƙo da yawan odar da take karɓa a mako. Masu saye suna sabawa da ƙa'ida da sauri fiye da yadda ake tsammani, musamman in sun ga kayan na fitowa a kan lokaci.

Akwai hanyar da wasu ke bi don su tsallake duk wannan, kuma dole a faɗe ta. Daga goro da shayi mai kauri akan koma lemon ƙara kuzari, gwangwani uku huɗu a dare, daga nan wani ya ce ga ƙwaya da ke sa a kwana ana aiki ba a ji ba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da hukumomin Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar, miliyan 4.6 daga cikinsu masu shan irin su tiramol da kodin ba bisa umarnin likita ba. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ba duk masu sha ne 'yan iskan gari ba. Da yawa masu neman halal ne, 'yan dako da direbobi da teloli da masu gidan burodi, waɗanda suka fara don su cika alkawari. Tiramol ɗin da ake fasa-ƙwaurinsa yakan kai miligiram 225, alhali abin da hukumar NAFDAC ta amince da shi 50 ne da 100. Ba ya cire gajiya, hana jin ta yake yi, kuma yana iya jawo farfaɗiya. Maigidan da ya ga yaransa suna kwana uku ba barci ba sa ko hamma, ya bincika, kada ya yaba.

Hutun da ake magana ba tafiya Dubai ba ne. Barcin awa bakwai da likitoci ke cewa babba yana buƙata, da 'yar ƙailula bayan azahar ko ta minti ashirin ce a bayan kanta, da yini guda ko rabinsa a mako wanda ba a buɗe shago ba a duba waya. Wasu za su zaɓi Juma'a, wasu Lahadi lokacin da kasuwa kan yi sanyi. Abin da ya fi muhimmanci a tsayar da ranar, kwastomomi su san ta, kada ta zama sai in an sami sarari, domin sarari ba ya samuwa a kasuwa.

Wanda yake jin kamar hutu kasala ce, ya tuna abin da Bukhari ya ruwaito na Salmanul Farisi da Abud Darda'i, waɗanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu. Salmanu ya kai ziyara ya tarar da matar gidan ba ta ko kula da adonta, domin mijin ya duƙufa azumi da tsayuwar dare. Sai ya ƙi cin abinci har sai da mai gidan ya karya azumin nafilarsa suka ci tare, ya kuma hana shi tashi salla sai ƙarshen dare, yana nuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangijinsa, jikinsa da iyalinsa ma suna da nasu a kansa. Da labari ya je wa Annabi sai ya gaskata Salmanu. In ibadar nafila aka rage saboda jiki da iyali, ina ga sayar da yadi? Shi ya sa nake jin ciwon yadda ake amsa wa mutumin da ya yi ƙarfin hali ya ce ya gaji, a ce masa ya ƙara godiya wasu ma nema suke ba su samu ba, ko a ce ƙarancin tawakkali ne. Ya ji kunya ya yi shiru, ba zai sake faɗa ba. Ni da na ga mutum ya kulle shagonsa ranar da ya ware, yana sane da cewa wani zai zo ya wuce wurin maƙwabci, a wurinsa nake ganin tawakkali.

Akwai kuma matakin da hutu kaɗai ba ya isa. Kusan ɗaya cikin uku na manya a Nijeriya yana da hawan jini, kuma da yawa ba su sani ba, domin ba ya ciwo sai ya yi ɓarna. Awo ba ya cin minti biyar, ana yi a kemis da yawa. In ana ta samun 140 bisa 90 ko sama, a ga likita, kada a tsaya ga tafarnuwa da zoɓo. Ciwon ƙirji, ko nauyin harshe, ko sanyin hannu da ƙafa na ɓari ɗaya, waɗannan na gaggawa ne, ba a jiran a tashi kasuwa. In kuma abin ya wuce shago ya mamaye komai, mutum ba ya jin daɗin 'ya'yansa, ba ya cin abinci, ba ya barci mako biyu ko fiye, ko ya fara jin gara ma ya mutu ya huta, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen masu kula da wannan, haka asibitin Dawanau, da na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri.

Wanda ya riga ya kai gargara, abin da zai fara yi shi ne ya dakatar da karɓar sabon aiki nan take. Sannan ya zauna da wani da ya yarda da shi, matarsa ko ƙaninsa ko babban yaronsa, su rubuta duk alkawuran da ke kansa, su ware waɗanda za a iya cikawa. Sauran ya kira masu su da kansa tun da sauran lokaci, ya ce, "Alhaji, ba ni da lafiya, aikinka ba zai samu ranar da na faɗa ba. Ko ka ƙara mini mako biyu, ko in turo maka kayanka da kafin alƙalaminka yau." Wasu za su yi faɗa, ɗaya ko biyu ba za su dawo ba. Mafi yawa za su ce Allah ya ƙara sauƙi su jira, domin abin da ke fusata mai kaya shi ne a ƙi ɗaga waya sai daren da yake buƙatar kayansa.